Babur mai batir a Maraɗi: injin ya yi, wuraren caji ne har yanzu shiru

'Yan kabu-kabu na yawan tsayar da ni su tambayi yadda na ga babur ɗin nan mai aiki da batir. Abin da nake gaya masu shi ne, babur ɗin ba ni da ta cewa a kansa. Ba ƙara, ba hayaƙi, ba juyen baƙin mai. In na sa shi caji da dare, yana kai ni daga unguwar Zariya zuwa babbar kasuwa, in biya ta unguwar Ali Ɗan Sofo, in dawo gida da saura. Duk wanda ya sha layin gidan mai a watan Maris na 2025 ya san darajar wannan.

Inda raina ya ɓaci shi ne maganar wuraren caji. Ranar ciniki dillalin ya ce kamfanin zai buɗe rumfunan musayar batir a garuruwan Tsibiri da Madarunfa da hanyar garin Ɗan Isa: ka ajiye wanda ya ƙare, ka ɗauki cikakke, ka wuce. Saboda wannan na biya, don iyayena suna Madarunfa. Har yau shago ɗaya ne a cikin gari, kuma in aka ɗauke wuta shi ma batiransa fanko ne. Kullum na tambaya sai a ce, "Alhaji, kayan suna hanya."

Ban ce mayaudara ba ne, amma ina ganin ba su yi lissafi da wutarmu ba. Lantarkin Maraɗi ta layin Katsina yake shigowa, kuma ba mu manta yadda Najeriya ta yanke shi a Agustan 2023 ba, sai a Maris na 2024 aka maido. Rumfar cajin da ba ta da faifan sola a kanta ba za ta riƙe mu ba. Ga kuma zafin Afrilu da ke haura digiri 40. Batirin lithium ba ya son a caja shi yana da zafi, dole rumfar ta samu inuwa da iska.

Wasu kamfanonin tare suke tafiyar da abin biyu, wato sayar da abin hawa da buɗe wuraren caji. Tesla mai ƙera motocin lantarki ta buɗe tashoshinta na caji masu suna Supercharger a Kalifoniya a 2012, shekarar da ta fara sayar da motarta Model S. Spiro mai baburan batir ma a Benin da Togo da rumfunan musayar batir ta shiga kasuwa.

Mai zirga-zirga cikin gari, musamman in yana da sola a gida, ya saya, zai ji daɗinsa. Ɗan kabu-kabun da abincinsa ke kan hanyar Ɗan Isa kuwa, ɗan'uwa, ka riƙe na fetur ɗinka tukuna. Kafin ka ba da ko dala, ka sa su kai ka rumfar da ke aiki, ka ƙirga batiran da ke cike da idonka.