Wasiƙa daga Landan: Daren da na ci abincin mutanen Kanton

Yaya,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya yara, ya jikin Inna? Saƙonki na murya ya iso tun ranar Talata, aikin dare ne ya hana ni amsawa. Kin ce tunda kina shirin faɗaɗa gidan abincinki, in riƙa buɗe ido duk inda na shiga cin abinci a nan, in ba ki labari ba ragi. To ga wanda ya fi tsaya mini a rai.

A sashen da nake aiki a asibiti akwai wata abokiyar aikina 'yar Hong Kong, tana cikin waɗanda suka dawo Birtaniya da iyalinsu bayan an buɗe musu biza ta musamman a Janairun 2021. An ƙara mata girma, sai ta gayyace mu, mu biyar, zuwa wani gidan abinci a Soho, kusa da titin Gerrard inda unguwar Sinawa take. Girkin gidan na mutanen Kanton ne. Kanton ɗin nan kuwa ba wani wuri ba ne illa Guangzhou da Baffa ke zuwa sarin kaya, inda ake babban baje kolin nan sau biyu a shekara tun 1957. Turawa ne suka laƙaba masa wannan suna. Shi da Hong Kong harshensu ɗaya, tukunyarsu ɗaya. Hong Kong tana hannun Ingila har zuwa 1997, shi ya sa tun shekarun 1950 da 1960 mutanen ƙauyukanta suka yi ta zuwa nan suna buɗe shagunan abinci. Yawancin abin da Bature ke kira abincin Sin, daga wannan tukunya ya samo asali.

Amma inda muka je ba irin tsofaffin shagunan nan ba ne masu agwagwa gasasshiya rataye a taga. Na zamani ne, rabinsa ɗakin cin abinci, rabinsa mashaya, fitilu ja-ja marasa haske, kiɗa a hankali. Ba a faɗo musu haka kawai. Mako biyu kafin ranar aka kama tebur ta intanet, aka ajiye lambar katin banki, da sharaɗin duk wanda bai zo ba za a cire fam 15 a kansa. Aka kuma rubuto mana cewa teburin namu ne na awa biyu. Ki riƙe wannan magana ta awa biyu, zan dawo kanta.

Ba zan ɓoye miki ba, zancen mashayar ya dame ni, har sai da na yi niyyar ba da uzuri. Na gaya wa mai gayyatar gaskiya cewa ba na zama a teburin da ake shan giya. Ba ta ja ni da gardama ba, ta buga musu waya aka ba mu tebur can ƙurya, nesa da kantar kwalabe, sauran abokan aikin kuma suka ce daren nan shayi da lemo za su sha. Na ji daɗin wannan karamci ƙwarai. Duk da haka, in zan koma da rana zan koma, lokacin da mashayar ba kowa kuma iyalai ne ke cika wurin da yaransu.

Tun a ƙofa akwai wata takarda kore da baƙi manne a gilashi, da lamba 5 a jiki. Makin tsafta ke nan. Jami'an ƙaramar hukuma kan faɗo kicin ba sanarwa, su duba firji da wurin wanke hannu da yadda ake ajiye ɗanyen nama, su ba da maki daga 0 zuwa 5, kuma kowa na iya duba makin kowane gida a intanet. A Ingila ba dole ba ne a manna takardar, amma wanda ya ci 5 ba ya ɓoye ta. Kamar duba-garin da Inna ke ba mu labari, sai dai nasu yana nan da ransa.

Muna zama, yaron da ke kula da teburinmu, kafin ya ce me za ku ci, sai ya tambaya ko akwai wanda jikinsa ba ya karɓar wani abu. Doka ce ta wajabta musu bayyana abubuwa 14 da kan tayar wa wasu ciwo, cikinsu har da gyaɗa, riɗi, ƙwai, madara, alkama, kifi, waken suya da jatan lande. Alade da giya ba sa cikin goma sha huɗun. Na ce masa ni nawa ba ciwo ba ne, addini ne: ba na cin alade, ba na cin abin da giya ta taɓa, ba na cin naman da ba yankan Musulunci ba.

Yaya, abin da yaron nan ya yi shi ne dalilin wannan wasiƙa. Bai ce mini ba komai, ci kawai ba. Ya ɗauki takardar jerin abincin da biro ya shiga kicin, ya jima, ya dawo ya durƙusa gefen kujerata yana bi layi-layi. Wannan jan nama mai zaƙi da suke kira char siu, alade ne zalla. Wannan ƙulli da ake kira siu mai, an haɗa jatan lande da alade. Agwagwa da kaza ba yankan halal ba ne. Sai ya zo kan wani yaji nasu mai suna XO, wanda na riga na sa masa ido don na ga an rubuta kayan teku da barkono, ya ce in bar shi, akwai busasshen naman alade a ciki ko da ba a gani. Har ɗan kek na ƙwai da ake ci a ƙarshe ya ce da kitsen alade aka murza fulawarsa. Kifi kuwa, ya ce sukan ɗiga masa giyar girki ta shinkafa, amma mai girki ya yarda zai yi namu ba ita. Ki duba, kowane layi da ya soke ciniki ne ya rage wa gidan, kuma da ya yi shiru ba yadda za a yi in sani. Na daɗe ban ga amana irin wannan a wurin sayar da abinci ba.

Aka fara kawo shayi a buta, ba sukari ba madara, da 'yan kofuna kamar na shayin Buzaye. Su a wurinsu shayin ne uban tafiya, don asalin wannan zama sunansa yum cha, wato shan shayi, 'yan ƙananan abincin da ke rakiyarsa su ne dim sum. Ba ka zuba wa kanka sai ka zuba wa na kusa da kai. Wanda aka zuba wa kuma, in bakinsa da abinci, sai ya ƙwanƙwasa tebur da yatsu biyu, godiyarsa ke nan. In ruwa ya ƙare ba kira ba ɗaga hannu, a ɗan zame murfin butar kawai, ma'aikaci na gani zai zo ya ƙara tafasasshen ruwa. Sau huɗu aka ƙara mana, ba a caje mu ba. Ita ce kaɗai gyarar da na gani a gidan.

Dim sum ɗin a cikin 'yan kwandunan gora yake zuwa, an ɗora wani kan wani, tururi na tashi. Ina gani na tuna madambacinki. Aikinsu ɗaya, sai dai nasu a ciki ake dafawa, a ciki ake kawowa, abinci ya iso gabanka da zafinsa. Wanda na fi so shi ne har gow, jatan lande ne a naɗe cikin fata ta sitacin alkama da na rogo, siririya har kana hango jan abin da ke ciki. Yaron ya tabbatar mini nasu ba kitse. Guda uku ne a kwando, fam 8. Uku fa, Yaya, kowanne bai kai ƙwallon ɗanwake biyu ba. Na yi fama da tsinkayen cin abincinsu na ɗan lokaci, daga baya na nemi cokali mai yatsu, ba wanda ya kalle ni.

Sai kifi. Guda ne sukutum da kansa da jelarsa, an turara shi minti kamar goma, an barbaɗa yankakkiyar ɗanyar citta da lawashi, sannan a gabanmu aka kwarara masa tafasasshen mai, ya yi cuuu, ƙamshin citta ya cika ƙuryar. Aka zagaye shi da ruwan waken suya mai gishiri, wanda su ma sai sun bar shi ya ruɓa kamar yadda muke wa kalwa. Shi ke nan kayan haɗin. Ba tattasai, ba attarugu, ba dunƙule. A lomar farko bakina ya nemi yaji. A ta uku na gane abin da suke nufi: so suke ka ji ɗanɗanon kifin kansa, kuma girki irin wannan ba ya rufa wa kifin jiya asiri. Mu in kifi ya fara sauka sai mu soya shi ƙarau mu lulluɓe da miya. Abokiyar aikina ta juya kan kifin ya fuskance ni, ta ciro tsokar kumatunsa ta sa a farantina, ta ce rabon babban baƙo ne. Da aka cinye gefe ɗaya ba ta bari an juya shi ba, ƙashin ta ɗage, wai masuntansu na camfa juya kifi da kifewar jirgi. Kifin fam 42.

Akwai kuma taliyar shinkafa mai faɗi da aka soya da ganye a kaskonsu mai zurfi, kan wuta mai ƙarfi kamar ta maƙera. Tana da wani ɗan ƙauri mai daɗi da suke kira numfashin kasko. Ke da kike cewa dafa-dukar itace ta fi ta gas, kin san abin da suke nufi.

A takardar abin sha, haɗe-haɗen giya sun ci shafi biyu, kowane kofi fam 14 zuwa 16. Can ƙasa akwai guda huɗu marasa giya. Na zaɓi wani ja, aka kawo shi cikin dogon kofin gilashi da ƙatuwar ƙanƙara guda ɗaya garau da ɓawon lemo a baki. Na kurɓa. Zoɓo ne, Yaya, zoɓo da citta da ɗan ruwan gas, fam 9. Wallahi naki ya fi shi kauri da ƙamshi, ko kanumfari babu a nasu. Raina ya sosu, don na tuna buhunan zoɓo da riɗi da ake lodawa a Dawanau, da cittar Kachia, ana fita da su ɗanye a farashin buhu, ga shi wani ya zuba a gilashi yana karɓar kusan naira 18,000 kofi ɗaya a canjin lokacin. Ruwan famfo dai kyauta ne, doka ta ce duk gidan da ke da lasisin sayar da giya dole ya bayar in an nema.

Kuɗi ya kama fam 288, harajin kashi 20 cikin ɗari yana ciki. Sai suka ɗora kashi 12.5 na hidima, fam 36, jimla 324. Tukuici ne da aka rubuta maka tun kafin ka yi niyya. Kana da damar cewa a cire, amma bayan abin da yaron nan ya yi mini ko kusa ban so a taɓa shi ba, musamman da yake tun Oktoban 2024 doka ta hana mai gida cin ko sisi a ciki, na ma'aikata ne duka. Mai gayyatar ta zaro katinta za ta biya gaba ɗaya, don su ma kamar mu ne, wanda ya kira shi ke biya. Turawan cikinmu suka ce sam, kowa ya ɗauki nasa. Na'urar POS ta zagaya tebur sau shida, fam 54 kowa, takardar kuɗi ma ba sa karɓa. A canjin lokacin ya haura naira 100,000, ya fi mafi ƙarancin albashin wata na naira 70,000 a gida. A nan kuwa, da mafi ƙarancin ladan awa na fam 12.21 da aka tsayar a Afrilun 2025, aikin kusan awa huɗu da rabi ne. Kada ki auna farashinsu da aljihunmu, ba mudu ɗaya ba ne.

Saura kwata awa biyunmu ta cika, muna tsakiyar hira, mai gayyatar na ba mu labarin mahaifiyarta da ta bari a Hong Kong har idonta ya kawo ruwa, sai yaron nan dai ya zo cikin ladabi ya ce masu teburin na gaba sun iso. Na san hayar Soho ba wasa ba ce, na san ba laifinsa ba ne. Amma abin ya yi mini ciwo. Na tuna tsohon direban nan da ke cin tuwo a wurinki, ya yi sallar Isha'i a tabarmarki, ya zauna sauraron labarai har ki rufe, wata rana ma ki ƙara masa miya ba ki lissafa ba. Muka ƙarasa hirar a tsaye a bakin titi cikin yayyafi.

In kin tashi gyaran shagon, ki sa a rubuta abin da ke cikin kowace miya a allo, musamman gyaɗa da riɗi, ki kuma koya wa yaranki cewa in an tambaye su abin da ba su tabbatar ba, su shigo kicin su tambaye ki. Zoɓonki ki ware na masu zama a kofin gilashi da ƙanƙara, na ƙulli ya tsaya wa masu tafiya. Ki gwada turara karfasa a madambaci da citta da lawashi ranar da kika samu wadda aka kamo da safe, ki ajiye yaji a gefe. Tabarmar nan kuma ki bar ta inda take.

Matar maƙwabcinmu za ta taho ƙarshen wata. Ki ba ta daddawa da kuka da yajin citta. Kada ki sa kilishi, ba a yarda a shigo da nama ba, ƙwacewa za su yi a filin jirgi. Ki gaishe da Inna da kyau, ki ce maganin ƙafarta yana hanya.

Ƙanwarki.