Allura ko ashana: amsa ga mai goyo da ke neman hutu

Wata 'yar'uwa ta tambaya jiya da daddare: jaririnta wata huɗu, tana shayarwa, ita da maigida sun yi shawara ta huta da haihuwa kamar shekara biyu, to allura za ta yi ko ashanar hannu? Amsoshi sun yi ta zuwa, kowace na yabon abin da ya karɓi jikinta. 'Yar'uwa, ga su nan kusa da juna ki duba.

Dangin juna ne. Sinadarin cikinsu mai kama ne da wanda jikin mace ke samarwa lokacin da take da juna biyu, ba sa ƙafar da nono, kuma ba sa kare mutum daga cututtukan da ake ɗauka ta saduwa, wannan aikin kwaroron roba ne.

Allurar Depo duk wata 3 ake yi, Noristerat duk wata 2. Akwai kuma Sayana Press, 'yar ƙarama da ake yi a fatar cinya ko ta ciki, har ana koya wa mace ta riƙa yi wa kanta a gida. Ita kuwa ashana siririyar roba ce kamar tsinken ashana, ana sa ta ƙarƙashin fatar damtse bayan an kashe zafin wurin, kuma in kin shafa za ki ji ta. Implanon tsinke ɗaya ne na shekara 3, Jadelle tsinke biyu na shekara 5.

Wajen hana ciki ashana ce gaba: a shekara, ko mace 1 cikin 100 ba ta samun ciki da ita. Masu allura kuwa ana samun kusan 4 cikin 100, kuma yawanci ba laifin maganin ba ne. Ranar komawa ce ke faɗowa kan biki ko rashin lafiyar yaro, katin asibiti na ƙasan adaka, sai a farga an zarce. Depo tana ɗaga ƙafa har mako 4, bayan nan ciki na iya shiga.

Ga inda tambayarki ta fi nauyi. Ana cire ashana, ciki na iya shiga ko a watan. Depo ba haka take ba, bayan allurar ƙarshe mata da yawa kan kai wata 10, wasu shekara, kafin su samu. Ba ta hana haihuwa, jinkiri ne kawai, amma ga mai lissafin shekara biyu, da surutun dangin miji a gefe, jinkirin ba wasa ba ne. Ni dai da ni ce, Implanon zan sa. Ba dole sai ta cika shekara 3 ba, ran da kika shirya sai ki je ma'aikaciyar da ta iya ta cire miki.

Jini kuwa duka biyun suna rikita shi: ɗigo-ɗigo, ko ya ja kwanaki, ko ya ɗauke gaba ɗaya, wanda an fi gani da Depo. Ɗaukewar ba taruwa yake yi a mahaifa ba. Abin da ya fi damun matanmu shi ne lissafin sallah da azumi, don haka ki riƙa rubuta kwanakinki, ki tambayi malama hukuncin jinin ciwo. Depo kuma takan ƙara wa wasu ƙiba.

Kafin a yi miki komai, a gwada miki hawan jini, don mai hawan jini sosai ba a so ta yi Depo. In kuma kina shan maganin tarin fuka ko na farfaɗiya ki faɗa musu, wasunsu na rage ƙarfin ashana, a nan allurar Depo ce ta fi.