Yaya, ka haƙura da maganar jif ɗin nan

Assalamu alaikum Yaya. Ina fata kuna lafiya, da Inna da yara. Na ji saƙonka kan motar da za ka saya, kuma gaskiya jif ɗin nan bai kwanta mini a rai ba.

A nan Birmingham za ka ga likita ko malamin jami'a cikin 'yar Toyota Yaris ko Honda Jazz, babu mai yi masa kallon raini. Mai ne ya koya musu hankali. Gwamnatin Ingila tana karɓar harajin kusan fens 53 a kan kowace lita, ta kuma ɗora VAT kashi 20 cikin 100. Tun 2021, tsohuwar mota mai hayaƙi fam 8 take biya duk ranar da ta shiga tsakiyar gari. Mu arahar mai ce ta saba mana da manyan motoci, ita kuwa ta tafi tun ranar 29 ga Mayu 2023 da aka cire tallafi.

Ka yi lissafin da kanka. Zariya zuwa Kaduna kusan kilomita 80 ne. Yaris mai inji 1.3, in tana da lafiya, wajen lita 6 take sha a kilomita 100, wato lita 10 ta kai ka ta dawo da kai. Jif mai silinda shida sai ya sha ninkin haka. Ga zirga-zirgar Samaru zuwa Kongo kullum, ga cunkoson Kwangila inda inji ke ta ƙona mai kana tsaye.

Abin da ya fi burge ni a nan shi ne gwajin MOT. Duk motar da ta kai shekara uku sai an duba ta kowace shekara, kuma da lambarta kaɗai za ka ga a intanet tafiyar da ta yi da laifin da aka kama mata. Can gida ana juya mita baya, don haka kada ka biya ko sisi sai bakanikenka ya shiga ƙarƙashinta, ya saurari inji da sanyin safiya, kai kuma ka duba takardun kwastam. Ta fannin gyara dai kun fi mu morewa, nan da awa ake biyan bakanike.

Masu tasi a nan Prius suke so, mai haɗa batir da fetur, kuma tana da tsimin mai sosai. Amma sai ka tabbatar akwai wanda ya iya batirinta kusa da kai. Ni Corolla mai silinda huɗu nake ba ka shawara: ta fi Yaris fili ga iyali, kayan gyaranta kuwa ko a Sabon Gari ka samu. Ka dai lura da tsayinta daga ƙasa saboda ramukan damina.

Batun in turo maka daga nan ba zai yiwu ba. Sitiyarinsu a dama yake, mu kuma tun 1972 muka koma na hagu. Ka nemi 'yar Beljiyam mai tsabta, in ka samu ka turo mini hotunanta kafin ku yi ciniki. A gaida Inna.