Bikin fina-finan Berlin: ya kai a je, amma kar ka bi jan kafet

Masu ta tambayata ko bikin fina-finan nan na Berlin da suke ce wa Berlinale ya kai mutum ya kashe kuɗin jirgi da na masauki ya je, amsata eh ce amma da sharaɗi. In dai don ka hango jarumai a kan jan kafet ka ɗau hoto za ka je to wallahi yi zamanka ka kalla a waya, ya fi maka sauƙi kuma ba ka sha sanyin banza ba. In kuma kai mayen kallo ne irina, wanda zai shiga sinima tun safe bai fito ba sai dare kuma gobe ya sake, to nan ne wurinka. Ni taurari huɗu na ba su cikin biyar.

Abin da ya sa na fifita shi a kan sauran manyan shi ne ƙofarsa a buɗe take ga kowa. Na Cannes a Faransa da ake yi a watan Mayu ya fi shi suna, babu musu, sai dai yawancin ɗakunan kallonsa sai mai katin shaida na ɗan jarida ko na masu harkar fim ke shiga. Na Venice a Italiya shi ne babban yaya, tun 1932 ake yinsa. Shi kuwa na Berlin da aka fara a 1951, kowace Fabrairu kwana 11 ake yi, kuma tikiti suke sayarwa kamar kowace sinima, sama da dubu 300 a shekara, ba ruwansu da ko kai waye, ka biya ka shiga ka zauna kusa da wanda ya ba da umarnin fim ɗin ma ba ka sani ba.

Tsarin tikitin ne mutum zai fara fahimta tun kafin ya haɗa kaya. Ba a sakin su gaba ɗaya, kwana 3 kafin ranar da za a haska fim ake buɗe sayar da nasa, ƙarfe 10 na safe agogon Jamus, ta intanet. Wato ran Litinin kana sayen na Alhamis, ran Talata na Juma'a, haka za ka yi ta yi kullum. Sai ka ga ƙarfe 10 saura kaɗan mutane sun tsaya cak a bakin sinima da kan dandamalin jirgin ƙasa, an cire safar hannu, kowa ya duƙufa a kan waya yana dangwala ba mai kula kowa, bayan minti kaɗan wani ya yi murmushi wani ya ja tsaki. Ni tsarin ya yi min, don ya hana wanda ya riga kowa tashi ya kwashe na mako guda a zama ɗaya, kuma yana ba ka damar canza ra'ayi in ka ji ana ta zuzuta wani fim da ba ya cikin lissafinka. Amma fa ka buɗe asusunka a shafinsu tun da wuri, ka tanadi zaɓi na biyu da na uku na kowane lokaci, domin masu manyan jarumai kafin ka ce kwabo sun ƙare. In ya ƙare ma kar ka fid da rai, yawancin fina-finan ana maimaita su a wasu ɗakunan, kuma na safe a ranar aiki sun fi sauƙin samu nesa ba kusa ba.

To sai babbar magana, me za ka kalla? Fina-finai sun haura 200, ko ba ka barci ba za ka ga rabinsu ba. Sun kasa su rukuni-rukuni, kuma sanin halin kowane rukuni ya fi karanta ɗan taƙaitaccen labarin da ake sa wa kowane fim amfani, don wannan rubutun duk kusan iri ɗaya ne, kowane fim a wurinsu mai ratsa zuciya ne.

Akwai babbar gasa, fina-finai wajen 20 da ke neman kyautar Golden Bear, su ake fara haskawa a babban ɗakin kallo na Berlinale Palast da ke Potsdamer Platz, nan ne jan kafet da 'yan jarida da ihu. Ka shiga sau ɗaya ka kashe ƙwarƙwatar ido, ya isa. Dalilina kuwa, fim ɗin da ke da fitaccen darakta da jaruman Amurka ko ba jima ko ba daɗe zai zo maka har ɗaki a Netflix ko MUBI, to me ya kai ka kokawar tikitinsa? Amma ko a cikin gasar akwai ƙananan da ake rainawa, a 2024 da Lupita Nyong'o ta shugabanci alƙalai, wanda ya cinye babbar kyautar shi ne Dahomey na Mati Diop, fim ɗin gaskiya ba na wasan kwaikwayo ba, da ƙyar ya wuce awa ɗaya, a kan kayan tarihi 26 da Faransa ta mayar wa Jamhuriyar Benin. Duk wanda ya tsallake shi a jadawali don ya ga ba jarumi a ciki ai ya yi asara.

Inda ni na fi morewa shi ne Panorama. Fina-finai ne masu labari da za ka iya bi ba tare da ciwon kai ba, daga ƙasashen da ba kasafai kake ganin fim ɗinsu ba, kuma 'yan kallo ne ke jefa ƙuri'a su zaɓi gwaninsu. Sau da yawa in an gama sai a kunna fitilu darakta ya hau dandamali a yi tambaya da amsa. Na ga wata baiwar Allah da fim ɗinta na farko kenan, ta riƙe makirfo da hannu biyu yana rawa, ana tafi ta kasa magana sai ta juya ta kira mai ɗaukar hotonta ya zo ya tsaya kusa da ita, wannan kam ba za ka same shi a wayarka ba ko nawa kake biya.

Forum kuma, hmm. Tun 1971 yake, na masu gwaje-gwaje ne, za a iya kafa kyamara a kan taga minti goma ba wanda ya ce uffan. Wani zai buɗe maka ido ka fito kana tunaninsa har kwana uku, wani kuma ka ji maƙwabcinka na minshari kai ma kana kokawa da naka idon. Shawarata ka ɗauki ɗaya ko biyu, ka sa su da safe lokacin kanka na wartsake, kar ka kuskura ka sa shi ya zama na huɗu a rana ƙarfe 10 na dare. Generation na yara da matasa ne, kar sunan ya ruɗe ka, akwai masu kyau ƙwarai a ciki kuma tikitinsu ya fi araha. Sai Perspectives da aka ƙirƙiro a 2025 bayan Tricia Tuttle ta karɓi shugabancin bikin, na waɗanda suka yi dogon fim ɗinsu na farko, da kuma Retrospective na tsofaffin fina-finai da aka gyara.

Ni yadda nake zaɓe, tambaya ɗaya nake wa kowane fim, in ban gan ka a nan ba zan sake samunka? In amsar a'a ce to kai ne gaba. Bayan nan in duba tsawonsa, in duba ko daraktan ya taɓa yin wani abu, sannan in kasa kunne a layi, don hirar layi ta fi sharhin jaridu gaskiya, duk da dai mujallar Screen tana fitar da makin da masu sharhi ke ba fina-finan gasa kullum kuma yana taimakawa. Uku a rana ya wadatar. In ka yi biyar washegari sai ka rasa wane jarumi ne ya mutu a wane fim.

Tauraro ɗayan da na rage, na nisa ne da sanyi. Ɗakunan kallon a warwatse suke cikin gari, wani a Zoo Palast can yamma, wani a Alexanderplatz can gabas, kuma dokarsu in fim ya fara ba a shiga ko da tikitinka a hannu, saboda haka ka duba wuri kafin ka duba suna, ka bar tazarar aƙalla awa ɗaya tsakanin fim da fim, in da hali ma ka tara na yini guda a unguwa ɗaya. Fabrairu a Berlin kuwa ba wasa ba ne, waje ƙanƙara ciki ɗumi, haka za ka wuni kana tuɓe jibgegiyar riga kana rungume da ita a cinya kana mayarwa.

Abu biyu da ya kamata a sani: yawancin fina-finan da harshensu na asali ake haska su da rubutun fassarar Turanci a ƙasa, in karatunka ba sauri za ka ɗan wahala. Sannan ba a tace su ba, shi ya sa in ba na Generation ba sai ɗan shekara 18 zuwa sama ke shiga, wasu akwai abin da ba za ka so ka kalla da iyali ba, to ka bincika tukuna.

Wanda kuma aljihunsa ko lokacinsa bai kai na bikin duka ba, ya nufi ƙarshensa. Ran Asabar ake raba kyaututtuka, Lahadin ƙarshe kuma ta 'yan kallo ce zalla, ana maimaita fina-finai daga rukunai daban-daban a farashi mai rahusa, 'yan jarida da 'yan kasuwar fim duk sun watse, kuma zuwa lokacin ka riga ka ji waɗanda aka yaba da waɗanda mutane suka fice tun ba a kai rabi ba.