Man korar sauro mai DEET: yana aiki, amma sai ka yi lissafi da alwala da zufa

Gidan sauron da ake rabawa kyauta ya yi mana rana a kan zazzaɓin cizon sauro, wanda a nan aka fi sani da palu. Sai dai sauron palu ɗan dare ne. Akwai wani ƙarami, baƙi mai ɗigon fari a ƙafafu, Aedes aegypti, shi da rana yake farauta, musamman da hantsi da kuma daga la'asar zuwa magariba. A wannan lokaci ba wanda ke cikin gidan sauro: wani na shago, wata na gindin murhu, yara na makarantar allo. Shi ke ɗauke da ƙwayoyin bairas na zazzaɓin dengi, na cikungunya mai sa ciwon gaɓoɓi, da na zazzaɓin shawara. Mutanen Abeshe sun ɗanɗana kuɗarsa. Daga Yuli zuwa 20 ga Satumban 2020, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da rahoton mutum 27,540 da cikungunya ta kama a gabashin Chadi, akasarinsu a Abeshe da Biltin. A Agustan 2023 kuma aka ayyana ɓarkewar dengi, nan ma a Wadai, lardin da Abeshe take. Shawara tana da allurar rigakafi, sau ɗaya ta ishi mutum har ƙarshen rayuwa. Sauran biyun ba su da maganin da ke kashe ƙwayar, don haka dabara ita ce kada a cije ka tun farko.

Nan ne man shafawa mai DEET, wani sinadarin korar sauro, ya shigo. Ana samunsa a farmasi, ko dai na fesawa ko na matsawa kamar kirim. Ba sabon abu ba ne, don sojojin Amurka aka fara haɗa shi a 1946, aka ba jama'a izinin amfani da shi a 1957. Ba ya kashe sauro, hana shi sauka a fata yake yi.

Kada sunan kamfani ko kyan kwalba su ɗauke maka hankali, juya bayanta. Rubutun galibi da Faransanci yake, nemi DEET ko diéthyltoluamide, ka duba adadin da ke gabansa. Wannan adadi ba ƙarfin korar yake nunawa ba, tsawon lokacin da zai yi a jiki ne. Mai kashi 10 cikin ɗari yana kai kimanin awa 2. A wani gwaji da aka wallafa a Amurka a 2002, da irin wannan sauron na Aedes, mai kashi 23.8 ya tsare fata kusan awa 5, man ciyawar sitronela bai wuce minti 20 ba, awarwaron hannu da ake cewa yana korar sauro kuwa ko minti ɗaya bai yi ba. Abin da ya haura kashi 50 ba ya ƙara wani lokacin kirki, sai maiƙo da tsada. Mai kashi 20 zuwa 30 shi ne daidai. Kwalbar da ba a rubuta adadi a jikinta ba, ko wadda ta sha rana a tiren mai talla har rubutun ya koɗe, bar masa kayansa.

Awa 5 ɗin nan fa a ɗakin gwaji aka same ta, kan hannun da ba ya zufa. A Marwa ko Kusiri da rana, zufa na wanke man kafin lokacinsa ya cika. Abin da takardar kwalba ba ta sani ba kuma shi ne alwala. Gaɓoɓin da ake wankewa, hannu zuwa gwiwa, fuska, ƙafa zuwa idon sawu, su ne dai wuraren da ake shafa man, su ne kuma inda sauron ya fi so. Dubi tela zaune kan kekensa bayan sallar la'asar: ya shafa mai da safe, ya yi alwala sau biyu, ƙafafunsa tsirara a ƙarƙashin tebur cikin inuwa, yana taka keke yana susar idon sawu da ɗayar ƙafar. Ba man ne ya gaza ba, ya bi ruwan buta tun azahar. Tsarin da ya dace da ranar mai salla shi ne shafa biyu: ɗaya da gari ya waye, ɗaya bayan alwalar la'asar, idan fata ta bushe sarai. Tsakar rana cizon yana raguwa, doguwar riga da wando mai kauri sun rage asara.

Yawan da ake shafawa ma ana kuskurensa. A gwajin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara, mililita 1 ake sa wa hannu ɗaya, daga wuyan hannu zuwa gwiwa. Hannu biyu, ƙafa biyu da wuya za su ci kusan ƙaramin cokalin shayi, mililita 5 ke nan. Sau biyu a rana, kwalbar mililita 100 kwana 10 za ta yi wa mutum guda. Mai iyali goma ya yi lissafinsa da sefa. Wannan ce babbar illar kayan, ba na kullum ba ne a gidan talaka. Ya fi kyau a ajiye shi don damina da makonnin bayanta, ko lokacin da aka ji zazzaɓi mai ciwon gaɓoɓi ya shigo unguwa. Masu ɗan ɗiga shi nan da can kamar turare don ya daɗe kuwa, kuɗinsu suke zubarwa, sauro zai sauka a kan duk tazarar da man bai taɓa ba.

DEET yana cin roba. Carbin roba, gilashin ido, fuskar agogo, rigar waya, duk suna yin danƙo ko dusashewa idan hannu mai man ya taɓa su. Auduga ba ya mata komai. A wanke tafin hannu da sabulu bayan shafa, balle mu da ke cin tuwo da hannu. Na fesawa yakan zo da sinadari mai kama wuta, kada uwargida ta fesa a kusa da murhu ko garwashi. Ba a sa shi a kan rauni, ba a shafa shi ƙarƙashin tufafi, fuska kuma a tafin hannu ake fesawa sannan a shafa, a kauce wa ido da baki. Jaririn da bai cika wata 2 ba ba a shafa masa ko kaɗan, nasa gidan sauro ne ko da barcin rana. Yaran da suka fi haka, babba ne zai shafa musu, kada ya haura kashi 30, kada a sa a hannunsu, a kuma bi shekarun da ke jikin kwalbar. Mai ciki da mai shayarwa suna iya amfani da shi. Wanda warin ko maiƙon ya dame shi, ya nemi mai wani sinadarin daban, icaridine, kashi 20, aikinsu kusan ɗaya, shi kuma ba ya cin roba.

Man ba zai rage sauro ko ɗaya a gidanka ba. Wannan sauron ba ɗan kwata ba ne, a ruwan da muke ajiyewa yake haihuwa: randa, duro, jarka, tsohuwar taya, kaskon kaji. Leƙa randa da tocila, in ka ga ƴan tsutsotsi suna wutsil-wutsil suna nitsewa, su ne, cikin kwana 7 zuwa 10 ƙwai ke zama sauro. Zubar da ruwan kaɗai bai isa ba, domin ƙwan yana manne a bangon randa sama da bakin ruwa, yana jure bushewa watanni. Sai an dirje da soso kowane mako, a rufe da murfin da ya zauna daram.

In kuma zazzaɓi ya riga ya kama wani, gwajin palu bai nuna komai ba, parasitamol kawai za a ba shi, ban da asfirin da ibuprofen, suna ƙara haɗarin zubar jini ga mai dengi. A kwantar da shi cikin gidan sauro dare da rana makon farko, kada sauron gida ya ɗebi ƙwayar daga jininsa ya raba wa sauran. Kwana ɗaya zuwa biyu bayan zazzaɓin ya sauka ne ake sa ido sosai: ciwon ciki mai tsanani, amai ba ƙaƙƙautawa ko jini a dasashi, a nufi asibiti nan take.