Sayen makin otel: ga Badamagare, riba ce ko asara?

Wani maƙwabcina da ke da shago a kasuwar Dole ya nuna mini saƙo a wayarsa: Hilton Honors na sayar da maki, ka sayi dubu su ƙara maka dubu kyauta. Yana shirin Umra, ya ce, "Malam, in saya?" Na ce masa ya dakata mu yi lissafi tukuna.

Maki dai tukuici ne da manyan otel-otel ke ba wanda ya saba sauka wurinsu, ya tara ya biya ɗaki da shi. Ana kuma sayar da shi tsaba. Farashin Hilton na yau da kullum dalar Amurka 10 ne kan maki 1,000, na Marriott Bonvoy kuwa dala 12.5. Da garaɓasar ninki, makin Hilton 1,000 ya koma dala 5 ke nan.

Matsalar farko, babu inda za ka kashe shi a nan. Waɗannan kamfanoni ba su da otel a Damagaram. A Yamai akwai Radisson Blu da aka buɗe a 2019, amma shi nasa tsarin daban ne, makin Hilton ba ya aiki a can. Sai ka kai Abuja, ko Dubai, ko Makka. In kuma ta hannun ajans za ka tafi Hajji ko Umra, an riga an haɗa masauki cikin kuɗin kujera, makinka ba shi da aikin yi.

Wanda abin ya shafa da gaske shi ne mai kama wa kansa ɗaki. A kewayen Harami, Conrad da Hilton suna Jabal Omar, Marriott ma haka. Pullman Zamzam da Swissôtel da Fairmont na hasumiyar agogo kuwa na wani kamfanin otel-otel ne daban, Accor. Mu ɗauka ɗaki yana cin maki 60,000 a dare. A farashin garaɓasa, dala 300 ka biya. In ɗakin nan da kuɗi hannu dala 200 ne, kamar yadda kan faru bayan alhazai sun watse, ka tafka asara da hannunka. In a goman ƙarshe na azumi ne, ɗakin ya haura dala 500, ka ci riba, amma fa in ka samu. Lokacin ne ɗakunan maki ke ɓacewa, ko a tsawwala musu farashi, domin Marriott ta daina kafaffen jadawalinta tun 2022, Hilton ma tun kafin nan. Yau ga adadi, gobe ga wani.

Abin da ke sa ni ɗan karkata ga Marriott shi ne daren biyar: ka kama darare biyar da maki, na huɗu kawai za ka biya. Hilton ma tana yi, sai dai ga wanda ya kai matakin Silver na masu yawan sauka wurinta. Mai zaman kwana goma a Makka, darare biyu ke nan a ɓagas.

Accor ta fi sauƙin fahimta a gare mu. Maki 2,000 Yuro 40 ne, ba ya motsi, sefa kuma a ɗaure take da Yuro a kan 655.957 ga Yuro ɗaya, wato Yuro 40 ɗin jika 26 ne da ƴan kai. Babu sa'a a ciki, babu tarko. Irin wannan a tara shi da kwana ya fi.

Sai kuma ƙananan ɓarakar da ba a faɗa a talla. Da katin Visa ko Mastercard ake biya, banki ya cire nasa na canji. In ka saya ba a mayarwa. In ka bar asusun ba motsi, makin Hilton da Marriott na mutuwa bayan wata 24, na Accor bayan shekara guda.

Maƙwabcin nawa dai muka buɗe shafin, muka sa ranakun tafiyarsa cikin Rajab. Kuɗi hannu ya fi maki araha da kusan kashi ɗaya cikin uku. Ya rufe wayar, ya ce gara ya ƙara shadda a shago.