Remote-SSH ko Git: wanne ya dace da mai ƙaramar saba da netwok mai yankewa?

Wani ɗan'uwa ya yi tambaya jiya da daddare. Yana da manhajar Laravel (tsarin gina shafukan intanet da yaren PHP) a kan VPS, wato sabar haya da ke intanet, mai ƙwaƙwalwar (RAM) giga 1. Yana buɗe ta kai tsaye daga VS Code, manhajar rubuta kod, ta ekstenshan ɗin Remote-SSH, ya gyara, ya adana, nan take gyaran ya fito a shafin da jama'a ke amfani da shi. Abokin aikinsa ya ce ya daina, ya koma rubutawa a kwamfutarsa yana turawa ta Git. Shi kuwa yana ganin ƙarin wahala ce kawai. Wanne ya fi?

Ɗan'uwa, a halin da ka bayyana ina bayan abokinka, amma akwai wuraren da hanyarka ta fi tasa, kuma zan faɗe su. Abu na farko dai, kayan biyu kowanne da aikinsa. Remote-SSH yana kai hannunka cikin wata kwamfuta da ke nesa. Git kuwa, wanda Linus Torvalds ya rubuta a 2005 don aikin Linux, littafin tarihi ne: me aka canza, wa ya canza, yaya za a koma yadda ake jiya. Ana iya haɗa su wuri ɗaya. Abin da za mu auna shi ne gyara a kan shafi mai aiki da kuma gyara a gida sannan a tura.

Mu fara da ƙwaƙwalwa, don nan ne giga 1 ɗinka zai fara kuka. Tun da Microsoft ta fitar da Remote-SSH a 2019 tsarinsa ɗaya ne: tagar da kake gani tana kwamfutarka, amma ranar farko da ka haɗa sai ya sauke wata manhaja cikin `~/.vscode-server` a sabar, kuma a can ne taminal, binciken fayiloli da yawancin ekstenshan ɗinka suke gudana. Microsoft da kanta ta ce giga 1 shi ne mafi ƙarancin abin da zai ɗauka, ta ba da shawarar giga 2. To kai a wannan gigan guda akwai Nginx mai miƙa shafi ga masu ziyara, akwai PHP, akwai MySQL mai riƙe rumbun bayanai. Ka ɗora Intelephense, ekstenshan ɗin PHP, ya shiga karance foldar `vendor`, inda kayan aron aikin suke, fayil bayan fayil. Idan wuri ya ƙure, Linux yakan kashe shirin da ya fi cin ƙwaƙwalwa, sau da yawa kuma a kan MySQL abin yake faɗawa. Sai a kira ka a waya a ce shafi ya tsaya, alhali kai buɗe folda kawai ka yi. A hanyar Git babu wannan nauyin. Sabar ba ta san kana aiki ba sai lokacin da ka shiga ka ce `git pull`.

Sai netwok. `git commit`, wato ajiye mataki a tarihin aiki, ba ya bukatar intanet ko kaɗan. Kana iya wuni kana aiki data a kashe, ka ajiye matakai goma, da yamma ka tura su gaba ɗaya. Abin da ake turawa bambancin ne kawai, a matse, kuma idan layi ya yanke ana tsakiyar turawa ba a lalata komai ba, sai ka sake. Remote-SSH kuwa ransa yana hannun layin. Da ya yanke, adanawa ta tsaya, ka zauna kana kallon yana ƙoƙarin sake haɗawa. Duk sanda VS Code ɗinka ya sabunta kansa kuma, sai ya sake sauke abokin nasa na saba wanda ya dace da sabon.

Amma a nan hanyarka tana da nata maki, kuma babba ne ga mai sayen data da kuɗinsa. `composer install` da `npm install`, masu sauke kayan da aikin ya dogara da su, idan a saba aka yi su, layin kamfanin da ka yi hayar sabar ne yake ɗauka, cikin daƙiƙoƙi an gama. A gida kuwa datarka ce take ƙonewa. Maki na biyu: abin da ka gwada a saba, a ainihin muhallinsa ka gwada shi. Mai Windows da ke aiki a gida yana iya rubuta `user.php` inda ake nufin `User.php`, komai ya tafi daidai a wurinsa saboda Windows ba ya bambanta babban harafi da ƙarami a sunan fayil, ya tura Linux ya ce bai san zancen ba. WSL, wato Linux da ke gudana cikin Windows, yana maganin wannan, sai dai shi ma yana son laftof mai ɗan ƙarfi.

Inda hanyarka ta faɗi warwas shi ne ranar kuskure. Na taɓa yi wa shafin duba sakamako na wata makaranta wannan gyaran gangar Auzinawa. Na bar `files.autoSave` a kunne, wanda ke adana fayil daƙiƙa ɗaya bayan ka ɗaga hannu daga rubutu. Ina tsakiyar layi aka ɗauke wuta, rauta ta mutu, rabin layin kuwa ya riga ya hau saba. A PHP rabin layi a fayil mai muhimmanci yana nufin duk wanda ya buɗe shafin kuskure mai lamba 500 zai gani. Kafin in kunna data a waya in sake haɗawa, iyaye sun fara kiran shugaban makaranta. Abin da ya fi ba ni haushi, na taɓa fayiloli uku a daren, ban kuma iya tuna yadda biyu suke kafin in taɓa su ba. Da akwai Git, `git diff` zai nuna mini, `git restore` ya mayar da su cikin ƙiftawar ido.

Yanzu saituna, wanda shi ne abin da ya fi rikita mutane a hanyoyin biyu. VS Code yana da hawa uku idan kana haɗe da saba: na User, wanda ke binka ko'ina; na Remote, wanda ya shafi wannan sabar kaɗai kuma a cikinta ake ajiye shi; da na Workspace, wato `.vscode/settings.json` a cikin foldar aikin. Na Workspace yana danne na Remote, na Remote yana danne na User. Amfanin sanin wannan shi ne kana iya barin adanawa da kanta a kunne a gida, ka kashe ta a hawan Remote. A can ɗin kuma ka saka `vendor` da `storage` cikin `files.watcherExclude`, ka rage wa ƙwaƙwalwa nauyi.

Git ma hawa-hawa ne, kuma ga tarkon: idan kana cikin Remote-SSH, Git ɗin saba kake amfani da shi, da `~/.gitconfig` na saba. Sunanka da imel ɗin da ka saita a laftof ba su biyo ka ba. Shi ya sa wasu ke ganin tarihin aikinsu cike da sunan `root`, ko Git ya ƙi ajiyewa ya ce ka fara faɗa masa ko kai wane ne. Haka kuma tun 2022 Git yana ƙin taɓa foldar da wani mai amfani daban ya mallaka, sai ya rubuto maka `dubious ownership`. Wannan yakan faru idan foldar ta `www-data` ce, sunan da Nginx da PHP ke aiki da shi a saba, kai kuma ka shiga da wani suna. Mutane sukan kwafi umarnin `safe.directory` su wuce. Ni na fi son a gyara mallakar, foldar aiki ta zama ta mai turawa, a ba `www-data` izinin rubutu a `storage` da `bootstrap/cache` kaɗai. Mai aiki a Windows shi ma da nasa tarkon, ƙarshen layi, don alamar da Windows ke rufe layi da ita ta bambanta da ta Linux. Layi ɗaya a `.gitattributes`, wato `* text=auto eol=lf`, ya raba ka da shi.

Fayil ɗaya ne yake yi wa hanyoyin biyu hidima, shi ne `~/.ssh/config`, a Windows kuma yana cikin foldar `.ssh` da ke ƙarƙashin sunanka. Ga siffar nawa:

```
Host shafina
    HostName 203.0.113.10
    User deploy
    IdentityFile ~/.ssh/id_ed25519
    ServerAliveInterval 30
    ServerAliveCountMax 4
```

Da wannan, `ssh shafina` ya ishe ka a taminal, VS Code ma zai ga sunan a jerinsa. Layuka biyun ƙarshe suna sa kwamfutarka ta riƙa taɓa sabar duk daƙiƙa 30, don kada rauta ta ɗauka layin ya mutu ta datse shi. A VS Code kuma ka ɗaga `remote.SSH.connectTimeout` daga 15 zuwa 60. Daƙiƙa 15 an yanka ta ne don masu layi mai kyau. Duk wani umarni mai daɗewa, kamar gyaran tsarin rumbun bayanai, ka yi shi cikin `tmux`, manhajar da ke riƙe taminal a saba, ko layi ya yanke yana ci gaba.

Maganar makullai ba ta da tsawo amma kada a yi wasa da ita. Tun 13 ga Agusta 2021 GitHub, shafin da ake ajiye ayyukan Git a intanet, ya daina karɓar kalmar sirri wajen turawa da jawowa. A laftof ko dai ka bi ta HTTPS, inda Git Credential Manager da ke zuwa tare da Git na Windows zai buɗe maka burawuza ka shiga sau ɗaya, ko ka yi makulli da `ssh-keygen -t ed25519`. Duka biyun suna aiki. Idan kana kan netwok ɗin ofis ko jami'a da aka toshe ƙofa ta 22, wadda SSH ke bi, HTTPS ya fi sauƙi, ko ka bi ta `ssh.github.com` a ƙofa ta 443. A saba kuwa kada ka kwafi makullinka na sirri ka kai can. Ka yi mata nata, ka saka shi a saitunan wannan aikin a GitHub, wurin da aka rubuta Deploy keys, ka bar shi a karatu kaɗai. Ko an fasa sabar, aikin guda ɗaya ɓarawo zai iya karantawa, ba zai iya rubuta komai ba. Kada kuma ka liƙa token, lambar sirrin da GitHub ke bayarwa a madadin kalmar sirri, cikin adireshin da kake jawowa daga gare shi, domin zai zauna a fili cikin `.git/config`.

Af, akwai masu hanya ta uku, ekstenshan ɗin SFTP da ke loda fayil duk sanda aka adana. Ya haɗa illar gyara a kan shafi mai aiki da wata sabuwa: yana ajiye bayanan shiga saba cikin `.vscode/sftp.json`, wasu har da kalmar sirri, sai a manta a tura shi GitHub tare da sauran fayiloli. Mai hayar masaukin shafi da ake sarrafawa ta cPanel, wanda ba shi da zaɓi, ya duba Git Version Control da ke cikin cPanel ɗin tukuna.

Idan laftof ɗinka ba ta da ƙarfin ɗaukar PHP da MySQL, ba sai ka bar Remote-SSH ba. Ka ɗaga sabar zuwa giga 2, ka yi kwafi na biyu na aikin a wata folda daban da nata rumbun bayanai na gwaji, ka buɗe wannan a VS Code. Ka kunna `php artisan serve`, VS Code zai jawo maka ƙofa ta 8000 zuwa burawuzarka, kai kaɗai kake gani. Idan ka gamsu ka ajiye, ka tura GitHub, ka shiga foldar gaskiya ka jawo. Don turawa daga can sai ka ƙara `ForwardAgent yes` a fayil ɗin da ke sama, sabar ta ari makullin laftof ɗinka muddin kana haɗe. Wannan a sabar da kai kaɗai ke iko da ita ake yinsa. Idan kuwa laftof ɗin tana da ƙarfi, yi aikinka a gida, ka bar Remote-SSH don leƙa `storage/logs` da gyara `.env`, fayil ɗin saituna da kalmomin sirri, abubuwan da dama ba sa shiga Git.

Tunda a yanzu ainihin aikinka yana saba, daga can za ka fara: `git init`, ka ajiye matakin farko, ka tura GitHub da `ForwardAgent yes` ɗin nan tunda makullin saba na karatu ne kaɗai, sannan ka jawo shi zuwa laftof. Daga ranar, duk ɗora sabon gyara a saba umarni uku ne: `git pull --ff-only`, `composer install --no-dev`, `php artisan migrate --force`. Ka sani Git ba ya riƙe maka rumbun bayanai ko hotunan da jama'a suka loda, waɗannan sai `mysqldump` da kwafi na daban. Kafin matakin farkon nan kuma ka karanta abin da `git status` ya lissafo layi-layi. Laravel yana zuwa da `.gitignore` da ya cire `.env`, amma idan ta zip ka loda aikin, mai yiwuwa fayil ɗin ya ɓace a hanya. In har `.env` ya riga ya hau GitHub, goge shi bai isa ba don yana nan cikin tarihi. Sai ka canza kalmar sirrin rumbun bayanai da makullan kamfanin karɓar kuɗi da ke ciki a ranar.